Ruwan Rijiyar Genzo

Teku ya fara da itatuwan bakin gaɓa, ya ci rumfar shanya kifi, bana kuma ya haɗiye rabin lambun Fusae. Da ya rage taku ashirin tsakaninsa da ƙofar kicin, tsohuwar ta haƙura, ta aika a kira Tokuji, mai sana'ar jan gidaje.

Gidan na katako ne, ana iya ɗaga shi a ɗora kan gungume a ja shi zuwa gindin tudu. Rijiya ce ba ta jawuwa. Mijinta Genzo ne ya haƙa ta a shekarar aurensu, yana ciki yana waƙa da muryar nan tasa mai korar tsuntsaye, ita tana sama tana jan yashi a guga. Shekara goma sha tara ke nan da rasuwarsa, kuma kullum da safe sai ta ɗebo ruwan rijiyar a ɗan kofi ta ajiye gaban hotonsa, kamar yadda ake yi wa mamata. Ita kanta ta daɗe da komawa ruwan famfo tun da kafaɗa ta ƙi guga. Na maigida kawai take ja, da ƙaramin gwangwani.

Ranar jan gida aka cike rijiyar da ƙasa, aka kafa gora a tsakiya bisa al'ada, wai don rijiyar ta riƙa numfashi. Kafin nan Fusae ta ɗebi kofin ƙarshe, ta kai gaban hoton.

"Iya, bar shi a wurinsa," in ji Tokuji. "Shekara talatin ina jan gidaje, ko shayi bai taɓa zuba ba."

"Haka ubanka ya cika baki ranar da ya kifar da kwalekwalen Genzo."

"Wancan a ruwa ne, Iya. Ni a ƙasa nake aiki."

"To, in ɗigo ɗaya ya zuba, ka nemi wurin ɓuya."

Ta ƙi fita. Tun hantsi har yamma gidan yana rarrafe yana kuka, ita tana durƙushe, idonta a kan kofin. Ruwan ya yi rawa, ya leƙa baki, ya koma. Aka sauke gida a gindin tudu, kofi cike.

Washegari lokacin canja ruwa ya yi. Ta kasa zubar da shi a ƙasa, sai ta kai baki ta kurɓa. Gishiri zalla! Ashe teku ya daɗe da shiga rijiyar ta ƙarƙashi.

Ta dubi hoton. "Haba, Maigida! Tun yaushe? Kai da in miya ta ɗan yi gishiri sai maƙwabta sun ji?"

Ta yi ta dariya har kewarsa ta taso mata, hawaye suka zubo. Ta shanye sauran tas, ta je ta ciko kofin a famfo.

"Ungo. Ba daɗi, amma ni ma shi nake sha."