Ƙwayar da ke Cikin Makulli

Tun kafin in gan ta na sha jin labarinta. Masu gyaran wayar mota suna kiranta Goggon Makulli, kuma idan za su ambace ta sai sun rage murya. Wani bakanike da na haɗa wa benci ya ce an taɓa zube mata makullai goma sha biyu a faranti, ta sa yatsa ta ware na mota ɗaya ba ta tambayi kowa ba. Mai sayar mini da ƙusa ya ce ina, makullai ashirin ne, kuma idonta a rufe. Matarsa ta ce ita dai abin da ta sani, wani direba ya shiga shagon yana rantse-rantse, ya fito yana share gumi da hularsa. Ni ina aikina ina saurare. Ban taɓa kawo wa raina cewa zan zauna a bencinta ba.

Ni kafinta ne. Mota ɗaya na taɓa mallaka, fara, kuma makullanta biyu: ɗaya a aljihuna, ɗaya a hannun Auta, ƙanena, domin shi ke kai Inna, mahaifiyarmu, asibiti kowace Talata a duba mata ƙafa. Shekara ashirin ne tsakanina da shi. Mai facin taya ne, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai an danne dariya. Amma da ƙuruciyarsa ya taɓa bin wasu da aka kama suna kwance kayan motocin mutane. Shi ba a same shi da komai ba, ya rabu da su fiye da shekara goma. A gida ba mai tada zancen. Ashe ni ma ban zubar da shi ba, ajiye shi na yi.

Ranar Alhamis da hantsi na ajiye motar a ƙofar masu katako, na shiga zaɓen falanki. Ban yi rabin awa ba. Da na fito, babu komai a wurin sai ɗigon baƙin mai a ƙasa da sawun taya. Ba wanda ya ji ƙara, ba wanda ya ga wani abu.

Bayan na kai rahoto wurin 'yan sanda, na tafi ofishin inshora da takarduna a leda. Ina alfahari da takardun nan. Sai da na kai shekara arba'in da takwas na shiga ajin manya na koyi karatu, kuma takardar inshorar ita ce doguwar takarda ta farko da na karanta wa matata da babbar murya, layi-layi, har ƙarshe.

Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta dube ni.

"Baba, irin motarka da tsaronta aka ƙero ta tun daga kamfani. Ba ta tashi sai da makullinta na asali. Ko an fasa gilashi an shiga, inji ba zai amsa ba. Makulli nawa gare ka?"

"Biyu."

"Duk suna hannunka?"

Na sunkuyar da kai ina gyara takarduna a leda.

"To ka kawo su duka, da duk wanda yake riƙe da ɗaya. Za mu tura ku wurin mai duba mana makullai. Abin da ta rubuta, da shi za mu yi aiki."

Da yamma na sami Auta a ɗakin Inna yana shafa mata magani a gwiwa, yana tsokanarta wai ƙafar ta fi tayar babbar mota nauyi. Na tsaya a bakin ƙofa na miƙa hannu.

"Makullin."

"Yaya, ko sannu? An sami wani labari?"

"Makullin, na ce."

Ya dube ni. Ya goge hannunsa a wando a hankali, ya ciro makullin daga zoben da yake haɗe da na shagonsa, ya ɗora mini a tafin hannu. Ban ce ya yi sata ba. Ban ce komai ba, kuma kowa a ɗakin ya ji abin da ban faɗa ba. Inna ta juya fuskarta ga bango.

Kwana goma sha tara Auta bai taka gidana ba. Matata takan zuba nasa abincin kamar kullum, ta rufe, da safe ta juye wa kaji. Ranar Talata ya ɗauki hayar mota ya kai Inna asibiti, bai tambaye ni ba. Idan muka haɗu a ƙofar Inna sai ya ce, "Sannu, Yaya," ya wuce. Ba tsokana, ba dariya.

Ranar da aka sa mana, muka zauna a bencin Goggon Makulli, shi a can ƙarshe, ni a nan, tsakaninmu wurin zaman mutum uku. Shagon ɗan ƙarami ne. Makullai ne rataye a bango daga sama har ƙasa, kowanne da ɗan ƙyallen takarda, kuma duk lokacin da fanka ta juyo sai su yi wani siririn ƙara kamar ana raɗa. Ita kuwa dattijuwa ce 'yar gajeruwa, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Yatsunta duk tabon ƙarfe.

"Wanne ne mai motar?"

"Ni ne, Malama."

"Wannan kuma?"

"Ƙanena ne."

"Ƙanenka? Na ɗauka a layin asibiti kuka haɗu. To, ku kawo."

Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera makullan biyu. Ba ta taɓa su ba tukuna.

"Kafinta ne kai, ko? Na ga garin katako a gashin hannunka. Ka san abin da ke cikin kan makullin nan?"

"Roba ce dai."

"Roba ce riga. A ciki akwai wata 'yar ƙwaya, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Ba ta da batir, ba ta cin komai. Kwance take kamar matacciya. Idan ka sa makulli ka murɗa, motar ce take fara magana. Ta tashe ta, ta tambaye ta: wace ce ke? Ƙwayar ta ba da amsa. Idan amsar ta yi daidai, sai a saki mai da wuta, inji ya tashi. Idan ba ta yi ba, ka murɗa har hannunka ya gaji. Duk wannan kafin ka ƙifta ido."

Na dubi makullin. Shekara shida ina murɗa shi safe da yamma, ban san ana sallama ana amsawa a ƙarƙashin yatsuna ba.

Ta fara da na Auta. Ta sa shi cikin wani zobe da ke jikin ɗan akwati mai gilashi. Akwatin ya yi ƙara sau ɗaya, wasu lambobi suka fito.

"Wannan da ransa. Na asali ne." Ta sauko da tabarau na biyu, ta kai makullin ƙarƙashin fitila, tana juya shi kamar mai duba idon jariri. "Ba a yawan amfani da shi. Sau ɗaya a mako, ko biyu?"

"Talata," in ji Auta. Ita ce kalmarsa ta farko.

"Kuma mai shi bahago ne, gefen nan ya fi sulɓi. Idan an kai makulli wurin masu kwafa, injinsu yakan bar siririn layi a kan haƙoran, kamar an ja allura. Ban ga ko ɗaya ba. Wannan makullin daga aljihu sai mota, daga mota sai aljihu."

Auta bahago ne tun yana rarrafe. Ban ɗaga kai ba.

Ta ɗauki nawa ta sa a zoben. Shiru. Ta ciro, ta hura, ta mayar. Shiru.

"Kafinta, makullin nan ya taɓa fashewa?"

"Yaya aka yi kika sani?"

"Ƙarfen tsoho ne, robar sabuwa. Kuma da shi kake tada motar?"

"Kullum."

Ta sa bakin 'yar wuƙa ta ɓare robar gida biyu, ta juyo mini da ita. A ciki akwai wani ɗan gurbi, fayau, babu komai.

"To idan makulli ba ƙwaya kuma mota tana tashi, ƙwayar tana ina?"

A nan na tuna. Shekara biyu da suka wuce falanki ya faɗo wa makullin a wurin aikina, kan ya tarwatse. Na tattara gutsattsarin a takarda na kai wa wani mai yanka makulli a bakin titi. Ya tsince wani ɗan baƙin abu daga ciki, ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ya manna shi da gam kusa da inda ake sa makulli, ya sa mini sabuwar roba. Ya ce daga yau na huta, ko makullin ya sake fashewa ba ruwana. Ni da na yi shekara talatin ina haɗa abin da ya karye da gam, har yaba masa na yi. Na ce aikinsa ya yi tsabta.

Na faɗa mata haka.

"Wato shekara biyu," ta ce, "motarka tana tambaya wace ce ke, amsar kuma tana manne a kunnenta. Ko da sukuddireba aka murɗa, za ta ce marhaba, maigida ne. Ƙararrawar fa? Ita ma ya kamata ta yi ihu da aka taɓa ƙofa."

"Tana damun maƙwabta. Da na tada injin zarto sai ta kama kuka. Na ce ya cire mata waya."

"Shi ɗin dai?"

"Shi."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Ta mayar da robar ta haɗa, ta jawo fom.

"Ba kai ne na farko ba. Amma abin da na gani shi zan rubuta. Ka karanta takardarka ta inshora?"

"Har ƙarshe."

"Akwai layin da ya ce tsaron da kamfani ya sa wa mota ya kasance yana aiki, kada a cire, kada a canza."

Na tuna layin. Na tuna har yadda na tsaya a kansa ina haɗa baƙaƙen, matata tana jinjina mini kai. Na karanta shi daidai, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ban dai san da ni yake ba.

"Ba za su biya ba ke nan," na ce.

"Wannan nasu ne su faɗa. Ni makulli nake karantawa." Ta tura makullin Auta gabansa da yatsa ɗaya. "Kai, ɗauki naka. Shi kaɗai ne mai gaskiya a teburin nan."

Muka fito. Rana ta take, titi cike da motoci, kowacce da mutum a ciki da makulli a jikinta. Na tsaya ina kallonsu, ina tunanin dubban tambayoyin da ake yi ana amsawa a titin nan ba mai ji. Mota ma sai ta tambaya kafin ta hana. Ni ban tambayi ɗan'uwana ba.

Auta ya riga ya yi gaba, hannunsa a aljihu, kafaɗunsa a sama. Ni ba mai magana ba ne. A gidanmu idan na yi laifi nakan gyara wa mutum ƙofa ko in haɗa masa kujera, shi ke nan an fahimta. Har na fara lissafin irin bencin da zan yi wa shagonsa. Sai na ga ya kusa shan kwana.

"Auta!"

Ya tsaya, bai juyo ba. Mai sayar da lemo a gefen titi ya ɗago kai, wasu mata biyu suka waiwayo. Na taka har inda yake, na zagayo ta gabansa. Idanunsa sun yi ja.

"Yaya, bari kawai. Inna na jira."

"A'a, tsaya ka ji da kunnenka." Na cire hulata, ban san dalili ba. "Na zarge ka da sata. Ban furta ba, amma na zarge ka, a gaban Inna. Ni na buɗe wa ɓarayi motar da hannuna, kai kuma ba ka yi komai ba. Na zalunce ka, Auta. Ka yafe mini."