Rimot Ɗaya, Gida Biyu

Gidanmu da na Yaya Mappa, in ka miƙa hannu ta tagarmu sai ka taɓa katakon nasa. Surukina ne ya kafa su duka biyun a kan dogayen ginshiƙai, don 'ya'yansa maza su tsufa kusa da juna. Sun kuwa tsufa kusa da juna, amma tun da aka raba tafkin kifin tsohon, maigidana Sakka da wansa ba su ƙara ce wa juna ci kanka ba. Lokacin 'yarmu Cenning tana firamare. Yanzu tana aiki a birnin Makassar, har ana maganar aurenta.

Kada ka tambaye ni wa ke da gaskiya. Na ji labarin daga baki biyu har ya gundure ni: wai wani ya matsar da iyaka, wai wani ya toshe wa wani hanyar ruwa. Liman ya yi magana, dangi sun yi, an karanta musu hadisin gaba har sun fi mai karantawar haddace shi. Taurin kai gadon gidansu ne, shi kaɗai aka raba musu daidai ba wanda ya yi ƙorafi.

Abu ɗaya ya rage a tsakaninsu: wata baƙar wayar talabijin da ta fita ta ƙarƙashin rufinmu ta shiga ƙarƙashin nasa. An ja ta ne lokacin da surukata take raye a gidan Yaya Mappa, mai kebul ya raba layinmu biyu don tsohuwa ta riƙa kallon wa'azi. Ta rasu, rigima ta zo, ba wanda ya taɓa wayar. Mu ke biya duk wata, shi yana kallon abin da ya ga dama a talabijin ɗinsa, mu ma a namu. Sakka bai taɓa ambaton ta ba ko da wasa.

Yaya Mappa shi kaɗai ne a gidan. Matarsa ta rasu, ƙafa kuma ta ƙi, ba ya saukowa sai ranar Juma'a. Ni nake kai masa abinci ta matakalar baya, in Sakka ya gan ni da kwano sai ya tsiri duba sama wai ko hadari ne. Ɗan Yayan da ke tsibirin Tarakan, can ƙetaren teku, ya aiko cewa bayan Babbar Sallah zai zo ya tafi da shi. Mai irin wannan ƙafa in ya haye teku ba dawowa zai yi ba, kowa ya sani. Abin da ke cin raina ke nan: mutanen nan biyu, ciki ɗaya suka fito, za su rabu ba ko sallama.

Ana cikin haka mai kebul ya sake ƙara kuɗi, a shekarar da ciwo ya shiga jatan landen da muke kiwo ya bar mu da tafki fayau. Cenning ta bugo waya ta ce, "Inna, ku sa dish mana. Sau ɗaya za ku saya, kun huta da biyan wata-wata. Duk unguwa ku kaɗai kuka rage."

Na ce wa Sakka, ya ce iska za ta ɗauke shi. Na sake cewa, ya ce in ana ruwa hoto yankewa yake yi. Na uku ya ce mai kebul mutumin kirki ne.

Na ce, "Baban Cenning, kirkinsa za mu dafa? Ni nake zuwa kasuwa, ba kai ba."

Na san abin da ke hana shi, shi ma ya san na sani. Amma shinkafa ba ta san zumunci ba. Na kira Tahang, mai haɗa wa mutane dish a garinmu, ya zo da safe da kwandon dish ɗin ɗaure a bayan babur.

Ya hau rufi, ya juya, ya ɗaure, ya sauko ya jona risiba. Hoto ya fito tar, ban taɓa sanin mai karanta labarai yana da tabo a haɓa ba sai ranar. Sai Tahang ya ɗago tsohuwar wayar da yatsa biyu.

"Wannan fa, Kawu? In datse ta?"

Sakka ya tsaya yana kallon ƙasa. Ni kuma na ƙi taimakonsa.

Can ya ce, "Datse ta ɓata rufi ne."

"Rufi? Almakashi kawai zan sa."

"Na ce ɓata rufi ne. Ba wani rami a bayan abin nan da za ka cusa ta? Don kada ta riƙa reto."

Tahang ya dube ni, ya dube shi. Ɗan garin nan ne, ya san komai. Ya danne dariyarsa ya ce, "Akwai rami, Kawu. Amma fa ba kamar kebul ba ne. Risiba ɗaya ce. Abin da kuka kunna a nan, shi zai fito a ƙarshen wayar, ko ina ƙarshen yake. In kun canza tasha, ta canza. In kun kashe, can ma duhu."

Sakka ya ce, "Ni ina ruwana da ƙarshenta. Cusa."

Daga ranar na rasa talabijin ɗina. Ni da na kawo shawara, ni da na fitar da kuɗin adashena, ni aka mayar baƙuwa. Rimot ya koma aljihun Sakka. Mutumin da a da in ya dawo daga tafki sai ya kwanta har magariba, yanzu da la'asar yana zaune gaban allo, ya kashe sautin namu gaba ɗaya, ya karkata kunne wajen bango.

Katako ba ya riƙe sirri. Duk abin da ya kunna, muna jin sa yana fitowa daga gidan Yaya. Ya sa labarai, sautin can ya yi ƙasa. Ya sa mawaƙa, ya yi ƙasa. Rannan ya faɗa kan badminton, sai muka ji an ɗaga murya can har kwanon rufi yana amsawa. Sakka ya gyara zama kamar wanda aka yi wa albishir.

Shi ke nan, mun shiga uku. Akwai wata tasha a dish ɗin nan da ba ta da aiki sai badminton, wasan jiya, wasan bara, wasan da 'yan wasan ma sun yi jikoki. Safe badminton, yamma badminton. Ƙattin mutane biyu suna bin gashin agwagwa da duka, mu kuma mun zuba musu ido ba sauti, muna jin tas-tas ɗin daga maƙwabta. Fim ɗina na Indiya da nake bi tun ana azumi, har yau ban san ko yarinyar ta gane ba mijinta ne ya mutu ba.

Na ce, "Wai mutumin da ba ka gaisawa da shi ne yake mulkin falona?"

Ya ce, "Wa? Ni nake son abina."

Ƙarya yake yi. Na sha ganin sa yana gyangyaɗi, rimot a hannu. In zai tafi tafki kuma sai ya bar risibar a kunne, ya ce kashewa da kunnawa ne ke lalata ta. Wutar da muke ƙonawa ta kusa cinye abin da muka tsira da shi daga mai kebul. Raina ya ɓaci, amma wani lokacin in na kalle shi ya kafa kunne a bango, furfura ta cika masa kai, sai tausayi ya kama ni. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya saurari wani mahaluki haka ba, har ni.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah na kai wa Yaya Mappa miyar kifi mai tsami. Na same shi zaune a tabarma, ƙafar a miƙe, kayansa an fara ɗaure su a kwali. Talabijin tana ta tas-tas, shi kuwa ya juya mata baya yana kallon taga.

Na ce, "Yaya, ba ka kallo?"

Ya ce, "Sennang, zauna. Don Allah mijin nan naki lafiyarsa ƙalau? Mutum ba ya gajiya da abu ɗaya?"

"Au, ba kai ke so ba?"

"Ni? Ban taɓa son wasan nan ba. Shi ne mai so. Yana yaro, in ana babban wasa, ni nake goya shi mu tafi gidan mai gari, don nan kaɗai ke da talabijin. In ɗora shi a wuya ya hango ta taga, ni ina kallon ƙeyar mutane. Ko ƙa'idar wasan ban sani ba."

"To me ya sa kake ƙure sauti?"

Ya juya cokali a miya.

"Ranar da ya fara sawa, na ce yaron nan har yanzu yana son abinsa, sai na ji daɗi, na ɗaga. Daga baya kuma na ga in na rage, zai ce na ƙi kayansa." Ya kurɓi miya. "Gishiri ya yi. Kada ki gaya masa."

Yaro. Mutumin da haƙoransa na gaba biyu suka zube. Na sauko matakala ina dariya, kafin in kai ƙasa dariyar ta koma wani abu daban, sai da na tsaya a ƙarƙashin gida tsakanin kaji na share fuska da gefen zane.

Kada in gaya masa? Ni Sennang? Shekara da shekaru ina ɗaukar kwano tsakanin gidajen nan bakina a rufe, na ga abin da rufe bakin ya haifa. Sakka yana dawowa, ko ƙafa bai gama wankewa ba, na zayyane masa tas, har da goyon da ƙeyar mutane.

Ya hau, ya zauna a wurinsa, ya ciro rimot. Ya bar badminton ya koma labarai. Ya saurara. Ya koma wa'azi. Ya koma masu dafa abinci, ya koma wasu Turawa suna kama kada, ya koma katun ɗin yara. Tasha ta fi ɗari a dish ɗin nan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, can kuma sautin bai ɗagu ba bai ragu ba. Yaya ya gane na fasa ƙwai, ya ajiye nasa hannun.

Sakka ya juyo ya ce, "Ke da kike shiga, me yake kallo da can, lokacin kebul?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Kamar ya ba ki sani ba?"

"Ni kwano nake kaiwa, ba leƙen asiri ba. Kai da kuka sha nono ɗaya ba ka sani ba, sai ni?"

Gaskiya na faɗa, ban sani ba. Na ga maganar ta shige shi. Ya dubi rimot ɗin a tafin hannunsa, maɓallai birjik, ba ko ɗaya da zai gaya masa abin da wansa yake so. Ya san yaron da ya goya shi, ya san mutumin da suka yi rigima, amma tsohon da ke bayan katakon nan bai san shi ba, ga shi kuma saura kwanaki a sa shi a jirgi.

Ya sake zagaye tashoshin, wannan karon da sauri, da fushi. Sai ya miƙe, ya banko tagar har ta bugi bango, ya leƙa kai.

"To wai me kake so a sa maka?"

Muryarsa ta fashe a tsakiya kamar ta ɗan saurayi. Kajin ƙarƙashin gida suka watse. Matar da ke shanya a gidan gaba ta tsaya da riga a hannu.

Har na fara cewa a raina shi ke nan, na ɓata abin da ya rage. Sai sautin can ya ɗauke. Muka ji tari, sannan muryar Yaya, ƙasa-ƙasa.

"Kashe abin nan. Ka hawo, ba ni da muryar ihu."

Sakka ya tsaya riƙe da taga. Ya juyo ya dube ni kamar ni zan ba shi izini. Na ce, "Me kake kallo na? Ƙafarka ce ke ciwo?"

Ya kashe risibar. Ya sauka, ya zagaya ta gaba, ba ta matakalar baya da nake bi ba. Na ji katakon matakalar Yaya yana ƙara a ƙarƙashinsa, a hankali, yana tsayawa yana ci gaba. Na ji sallama, na ji an amsa.

Na so in ce maka sun rungumi juna suna kuka. Ina! Ban gama ɗauraye tukunya ba na ji murya ta fara tashi.

"Turken iyakar yana gindin bishiyar nan tun Baba yana raye."

"Wace bishiya? Wadda ambaliya ta tafi da ita?"

"Kai dai ba ka taɓa sauraron na gaba da kai ba."

"Na gaba da ni da ya toshe mini ruwa?"

Faɗa suke yi, a daidai inda suka ajiye shi tun Cenning tana firamare. Mai cewa ba shi da muryar ihu har gidan gaba ana jin sa. Na tsaya a taga ina saurare, wallahi ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi a kunne kamar masifar tsofaffin nan biyu ba. Muryarsu iri ɗaya ce, na ma manta da haka, har ba na gane wa ke zagin wa.

Na bar su suka yi mai isarsu. Da na ji sun fara gajiya, tari ya fi magana yawa, sai na zuba shinkafa a babban faranti ɗaya, na ɗora gasasshen kifi, na sa cokali biyu, na hau musu da shi.