Gwiwar Lamba Tara

Tankari ya maka cokali a kan tebur har miyar kuka ta fantsamo wa na kusa da shi a riga.

"Wanga mutum ba koci ba ne, mahauci ne! Ku tambayi duk wanda ya san shi a Kano."

"Kai ɗan Maraɗi, me ka sani game da Kano?" wani ya jefo masa daga ciki, aka kwashe da dariya.

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, ɗan gidan abincin Hajiya Mero da ke lungun Dengfeng ya cika maƙil. 'Yan kasuwa masu saron tufafi a kasuwar Canaan sun kame teburan ciki, ɗalibai sun cunkushe a bakin ƙofa. Najiba tana bayan labule tana taya Hajiya kwasar tuwo, yadda ta saba duk Juma'ar da ba ta da aji, kuma babu kalmar da ta wuce ta.

Duk wannan tada jijiyar wuya a kan ƙwallo ne. Ƙungiyar ɗaliban Afirka na jami'arsu ta yi shekara uku tana shan kashi a gasar baƙin ɗalibai ta birnin Guangzhou, har 'yan Koriya sun mayar da su abin tsokana. Sai kawun Najiba, Alhaji Babayo, wanda shi yake ɗinka wa yaran riguna yana saya musu takalma, ya ce abin ya ishe shi. Ya nemo musu koci mai suna Barmo, wanda ya taɓa riƙe wani ƙaramin kulob a Kano kafin a sallame shi, yanzu kuma yake ɗaurin kaya a kasuwar Shahe.

"Kofi biyu ya ci a jere," in ji Alhaji Babayo, yana suɗe yatsa. "Biyu. Ku kuma da turancinku da faransancinku ko tasa ba ku taɓa kawo mana ba."

"Da allura ya ci su, Alhaji," Tankari ya ce. Shi ne mai tsaron bayan ƙungiyar, kuma bakinsa ba ya mutuwa. "In ya shigo, wallahi ni na fita."

Najiba ta san ba ƙarya ya yi ba. Layinsu ɗaya a Fagge da Munkaila, wanda a da yara suke bin sa da gudu in ya fito da takalman ƙwallo a wuya. Barmo ne ya riƙa tsira masa allurar kashe zafi a gwiwa yana tura shi fili, har gwiwar ta tashi daga aiki. Ranar da za ta baro gida ta ga Munkaila a ƙofar gidansu yana jan ƙafa, bai kai talatin ba. Mutanen da ke cikin ɗakin nan rabinsu sun san Munkaila, wasu ma sun je duba shi a asibiti. Amma ka ji su yau, sai ka rantse ba su taɓa jin sunansa ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne muryar da ta ji ta fi ta kowa zaƙewa wajen kare Barmo. Ta ƙaninta ce, Saifullahi, mai karatun injiniya, lamba taran ƙungiyar.

"Mutum ba ya tuba ne? A ba shi dama mana!"

Aka ɗaga hannu. Ɗalibai suka rabu biyu, 'yan kasuwar da ko dokar satar gida ba su sani ba suka ɗaga gaba ɗaya, Barmo ya zama koci. Tankari ya fice yana zage-zage, ya bar tuwonsa.

* * *

Tankari bai fita daga ƙungiyar ba. Sati biyu ya yi yana fushi, da ƙungiyar ta ci wasa biyu a jere sai ga shi ya dawo yana cewa don abokansa ya dawo, ba don mahaucin ba. Haka aka yi ta tafiya, masu so suna kirari, masu ƙi suna ƙunƙuni suna kuma zuwa kallo, har aka kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan ne wani ɗan Nepal ya faɗo wa Saifullahi a gwiwar dama.

Najiba tana shekara ta huɗu a karatun likita, don haka ita ta duba shi. Gwiwar ta kumbura ta yi suntum, in ta ja ƙaurin sai ta ji yana biyo ta fiye da yadda ya kamata.

"Jijiyar ta tsage, amma ba ta rabu ba," ta ce. "Sati shida ba gudu, ba tsalle. In ka kiyaye za ka warke sarai."

"Yaya, wasan ƙarshe saura kwana tara."

"Ko gobe ne. Ƙafarka ce, ba ta haya ba."

Kwana biyu bayan haka tana fitowa daga aji ta tarar da Barmo a bakin ƙofar makaranta. Gajere ne mai tumbi, da usur a wuya kamar wanda aka haifa da shi. Ya gaishe ta da ladabi har da ɗan rusunawa, sannan ya zaro wata 'yar takarda da aka rubuta sunan magani da biro.

"Likita, taimako za ki yi. Kemis uku na shiga, duk wanda na nuna wa sai ya kaɗa kai ya ce meyo, wai babu. Ba sa gane rubutunmu. Ki ɗan zana min shi da nasu."

Ta karanta sunan. Allurar kashe zafi ce.

"Irin wanda ka yi wa Munkaila ne?"

Ko gezau bai yi ba. "Munkaila ƙaddara ce ta same shi."

"To, ka je ƙaddarar ta zana maka."

Ta wuce shi cike da takaici. A ranta ta ce magana ta ƙare, tunda duk cikin Hausawan Guangzhou ita kaɗai ta san sunan maganin nan da rubutun Sinanci.

Ashe ta manta da ɗan gida. Washegari Saifullahi ya zo ɗakin baƙi na masaukin mata yana ɗingishi, ya kawo mata lemo, ya ce ta ara masa littafinta na magunguna mai Turanci da Sinanci zai karanta abin da ya shafi gwiwa. Har daɗi ta ji, ta ce yaro ya fara hankali. Da ya dawo da littafin sai ta ga an naɗe kusurwar wani shafi, an kuma ɗora takarda a kan sunan maganin an bi shi da biro da ƙarfi, har shatin ya fito a bayan shafin.

Ba ta ko sauya takalmi ba ta hau bas zuwa Canaan. Ta tarar da kawunta a tsakiyar dilolin wanduna, yana ta "lawban, lawban" da wani Basine mai shago, wato yana kiran sa maigida.

"Kawu, za su lalata masa ƙafa. Ka hana, ko ni in je ofishin baƙin ɗalibai in faɗa."

Alhaji Babayo ya janye ta gefe, ya rage murya. "Ke Najiba, ki shiga hankalinki. A ƙasar mutane muke. Ki kai ƙarar ɗan'uwanki Musulmi wajen waɗannan? In suka kama Barmo, takardunsa ma ba su cika ba. In suka kori ƙaninki daga makaranta, me za ki ce wa mahaifiyarku? Mu nan rufa wa juna asiri muke yi, da shi muke zaune."

"Ƙafar fa, Kawu?"

"Sau ɗaya ne. Minti casa'in. Allah zai kiyaye."

Ta je wajen Saifullahi, ta yi faɗa, ta yi lallashi, har kuka ta yi. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Ofishin kuwa sau biyu tana zuwa bakin ƙofarsa tana juyowa.

* * *

Ranar wasan rana ta buɗe, ga zafi mai ɗanɗano gumi. 'Yan kasuwa sun bar saro sun zo da manyan riguna, wani ya samo bokitin roba yana kaɗawa. Najiba ta zauna can ƙarshen benci. Ta ga Saifullahi ya fito daga bayan ɗakin sauya kaya yana taka ƙafar nan garau, kamar ba ita ce jiya ba ya iya lanƙwasawa a sujada ba.

Ya kuwa buga ƙwallo. Kafin hutun rabin lokaci ya zura ɗaya a ragar 'yan Koriya, fili ya kaure. Da aka tafi hutu Barmo ya ja shi suka koma bayan ɗakin. Saura minti goma a tashi ya yi tsalle ya sa kai, ta biyu ta shiga, ya diro a kan ƙafar dama. Daga inda take ta ga gwiwar ta karkace ta inda gwiwa ba ta karkacewa. Bai ma ji ba. Sai da ya yunƙura zai tashi ya yi murna, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya sake zubewa yana dubanta da mamaki.

Mutum biyu suka ciccibe shi suka ajiye a gefen fili, aka ci gaba da wasa. Da alƙali ya hura tashi, jama'a suka kwarara cikin fili suka ɗaga Barmo sama, har wani ya tsallake Saifullahi don kada a riga shi. Tir da wannan murna.

* * *

Asibitin da Najiba take koyon aiki aka kai shi. Likitan ƙashi, wani dattijo mai farin gashi da ya taɓa koyar da ajinsu, ya daɗe yana juya gwiwar. Ya ce jijiyoyi biyu sun rabu, gurunguntsin ma ya dagargaje. Za a yi aiki, zai taka, amma gudu kam sai dai ya ga ana yi.

Sai ya sa yatsa a kan wasu ɗige-ɗige huɗu a gefen gwiwar, ya dubi Najiba.

"Mutum ba ya gudu a kan irin wannan rauni sai an kashe masa zafi. Wa ya yi masa allura?"

"Me ya ce?" in ji Alhaji Babayo daga bayanta.

Ta fassara.

"Ce masa cizon sauro ne."

Ta juya ta dubi kawunta. Ko kunya babu a idonsa, sai ma alamar ta yi sauri. Saifullahi ya kamo bakin mayafinta, leɓensa ya bushe.

"Yaya, don Allah. In suka rubuta za a karɓe kofin, a kore ni. Kada in rasa ƙafa in rasa karatu."

Shekara huɗu tana haddar yaren nan, tana bin harafi ɗaya ɗaya har idonta ya yi ja, don ta zama mai faɗa wa mara lafiya gaskiya. Ta buɗe baki, da lafazinta mai kyau da malamai suke yabo, ta ce cizon sauro ne.

Likitan bai ce mata ƙarya take ba. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Ke ba 'yar shekara ta huɗu ba ce?"

"Ni ce."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya rubuta abin da ta faɗa, ya miƙo mata biro ta sa hannu a matsayin 'yar'uwa kuma tafinta. Da zagin ta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ta fito baranda tana neman iska. Can ƙasa a harabar asibiti magoya baya sun iso da kofin, mai gadi yana ta fama da su su yi shiru. Tana jiyo Alhaji Babayo ta taga yana sanar da su an ƙara wa Barmo shekara guda, aka sa sowa.

"Likita."

Tankari ne, da lambar yabo a wuya, bai ko cire rigar wasa ba. Ta ji ɗan sanyi a ranta. Ko ba komai ga mutum ɗaya da ya faɗi gaskiya tun ranar farko.

"Ka ga abin da ka faɗa, Tankari. Ka ga abin da suka yi masa."

"Wallahi na gani. Allah shi ba shi lafiya." Ya waiga hagu da dama, ya matso, ya sassauta murya. "Kin san an gayyace mu Shenzhen sati mai zuwa, mu kara da zakarunsu. To, idon sawuna na hagu shina ɗan damuna tun jiya. Barmo ya ce takardar nan ta ɓace, Saifullahi kuma ba shi cikin halin da za a tambaye shi. Na ce ko za ki zana min."

Ya miƙo mata guntun kwalin sigari da biro.

Najiba ta tsaya tana kallon hannunsa. A bayanta aka turo gadon Saifullahi za a kai shi ɗakin hoto, ƙafar tana ɗaure jikin katako, sai ta matsa jikin bango ta ba su hanya. Tankari ya ɗaga wa abokinsa babban yatsa har gadon ya sha kwana, sannan ya sake miƙo mata kwalin.