Jan Biro da Mai Kwali

Yayana ne mai sayayya a masana'antar sabulun da muke aiki, ni kuma ina ofishin albashi, ƙofofinmu na kallon juna. Duk abin da zai shigo masana'antar, daga man inji da kwalin zuba sabulu har tsintsiyar bayi, sai ya sa hannu. Da jan biro yake sa hannun, shi ya sa kowa ke ce masa Jan Biro, har matarsa in tana jin tsokana.

Gaskiya kam yana da ita, ko maƙiyinsa ya shaida. Rauninsa ɗaya ne: ya yarda mutane na son sa. Bencin ƙofar ofishinsa ba ya rabo da 'yan kasuwa. In ya yi tari su haɗa baki su ce sannu, in ya maimaita labarin jiya su ƙyalƙyale kamar yau suka fara ji. Ni da muka tashi ɗaki ɗaya na san labaran Yaya ba su da gishiri.

Cikin masu zaman bencin akwai Mai Kwali, wani dogon dattijo marar yawan magana, wanda ya daɗe yana kawo mana kwali. Shi ba ya tsayawa a benci. Da an tashi hutun rana sai ya shige ofis, Yaya ya jawo allon dara daga bayan kabad, su jera marafan kwalba, na Yaya a kife, nasa a buɗe. Kullum Yaya ke ci. Mai Kwali ya dafe kai ya ce, “Kai, ranka ya daɗe, wannan kan naka ba irin na mutane ba ne.” Da yamma kuma matar Yaya ta sha labarin yadda aka yi cin, tana tankaɗe tana cewa to.

Ana haka manyan masana'anta suka tara mu suka ce an ba wani kamfani na waje aikin sayayya gaba ɗaya. Daga yanzu mai buƙatar kaya zai shigar a kwamfuta, wasu mutane a wani gari da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba su nemo mai sayarwa, su yi ciniki, mota ta kawo. Sun ce ya fi arha, kuma da alama ba ƙarya suka yi ba. Ba a kori Yaya ba, ba a taɓa albashinsa ba. Sito aka mayar da shi, ya riƙa duba kaya in sun iso.

Kafin mako ya zagayo bencin ya zama wurin ajiye bokitin mai shara. Wayar Yaya da ba ta hutawa ta koma sai matarsa ce ke kira, ta ce ya taho da gawayi.

“Baban yara,” in ji ta wata rana ina gidan, “ai dama kujerar suke gaisarwa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.”

“Sauran dai,” ya ce. “Ban da Mai Kwali.”

Ta ci gaba da yanka albasa.

Allon darar shi ne abu na farko da ya kwasa zuwa sito. Ya jingine shi kusa da sikeli, marafan a cikin gwangwanin madara. Da hutun rana yakan fito bakin sito da kwanon abincinsa, ya zauna inda zai hangi ƙofar shiga. Sai ga sabbin kwalaye sun fara isowa da tambarin wani kamfani daban, wato shi ma Mai Kwali an ajiye shi. Yaya ya duba su, ya ce sun yi, don sun yi ɗin. Ranar bai ci abincinsa ba. Ni dai ya ba ni tausayi, abin da ban saba ji game da shi ba.

An kwana biyu, har na cire rai a madadinsa, sai mai gadi ya leƙo sito ina can ya ce wani dattijo na waje yana neman Jan Biro, amma ba zai bar shi ya shigo ba tunda yanzu ba shi da hulɗa da masana'anta. Yaya ya suri allo da gwangwani. Na bi bayansa, don ni ba a ba ni labari in ina iya gani da idona.

A gindin bishiyar da ke jikin katanga muka same shi zaune a kan wani tsohon bulo. Suka gaisa. Yaya ya fara cewa, “Wallahi maganar kwalin nan ba ni da hannu...”

“Na sani. Jera mana.”

Ban taɓa ganin an yi wa mutum irin wannan cin ba. Kafin in gyara tsayuwa marafan Yaya sun koma gefen Mai Kwali, sai guda biyu a lungu suna jiran ajali. Suka sake jerawa, aka maimaita. A na gaba Yaya ya daɗe yana nazari, gumi na bin wuyansa, ya tura. Mai Kwali ko duban allon kirki bai yi ba, ya kwashe.

“Yaushe ka koyi dara haka?”

“Tun kana makaranta.”

“To duk shekarun nan...”

“Ranka ya daɗe, biro na hannunka. Wa zai ci mai biro?”

Yaya ya dubi allon. Kunnuwansa kaɗai na kalla na san maganar ta shige shi. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, “Yanzu ba biron. Me ya kawo ka?”

Mai Kwali ya zube marafan a kan allo yana ware na kife da na buɗe. “Na zauna a shago na ga rana ta yi, ƙafata ta saba. Kuma ka san wahalar da ke cikin neman hanyar da za ka bi ka faɗi kullum, ba tare da an gane ba? Na gaji. So nake mu yi wasa.”

Aka buga ƙararrawar komawa aiki. Yaya ya miƙe ya kaɗe wandonsa, ya bar allon a wurin. Har ya kai ƙofa ya juyo.

“Gobe ka zo da wuri.”

Da yamma na rage masa hanya a babur har gida. Matarsa na tsakar gida tana kwashe shanya. Na riga shi baki na ce mata yau an yi dara.

“Allah?” ta ce. “To wa ya ci?”

Yaya ya cire takalminsa, ya jera su a bakin ƙofa.

“Ya dai zo,” in ji shi.