Shagon da Ba a Cewa Dawo Gobe

"Kika ce masa me?"

Baba Mai Aski ya yunƙura zai tashi daga kan katifa, robar ƙarin ruwan da ke hannunsa ta yi lilo. Auta, 'yarsa, ta danne masa kafaɗa.

Na ce, "Cewa na yi ba ka da lafiya, shago a rufe, ya dawo gobe. To me zan ce, Baba? In ɗauki aska in yi masa da kaina?"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. "Tela, shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka. Kin taɓa jin kalmar nan ta fito daga bakina?"

Gaskiya ban taɓa ji ba. Bango ɗaya ya raba shagona na ɗinki da nasa, gidajenmu ma haka a bayan layi. Ni tela ce, "dawo gobe" ita ce gaisuwata. Amma shi, ko mutum goma ne a kan benci, in na sha ɗaya ya leƙo sai ka ji, "Ku matsa masa."

Kowa a layin ya san dalili, ba dai a faɗa. Shekarun baya wani ma'aikacin masaƙa da aka sallama ya zo da safe, ya tsaya a ƙofar Baba. Shago a cike. Baba ya ce ya dawo gobe. Da rana mutumin ya shiga masaƙar da bindiga, ya kashe mutum bakwai sannan ya kashe kansa. Cikin bakwai ɗin har da ɗan farin Baba. Baba bai taɓa cewa aski ne zai hana abin ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Wata huɗu yana gararamba a layin nan, ba wanda ya tambaye shi yaya ya kwana. Har da ni."

Wanda na kora yau kuwa Dogo ne. Maigadi ne a babban ɗakin ajiyar kaya na bakin titi, har ranar da kaya suka ɓata aka ɗora masa. Manaja ya tsayar da shi gaban ma'aikata aka caje shi har takalmi, wani ya ɗauka a waya ya yaɗa. Daga baya an kama ɓarawon, amma wannan ba wanda ya ɗauka a waya. Aiki bai dawo ba, matarsa ta koma gidansu, 'yan layi suka laƙaba masa sunan da ba zan maimaita ba. Ni ma, Allah ya yafe mini, na taɓa yin dariya. Ya daina gaisawa da kowa. Sai dai duk Alhamis yana zuwa wurin Baba, a lulluɓe masa fuska da tawul mai ɗumi, in riƙa jiyo ƙus-ƙus ɗinsu ta bango.

Baba ya ce, "Da jaka ya zo?"

"Wata baƙa, doguwa."

"Tattabarun da yake kiwo fa?"

Auta ta ce, "Jiya ya rabar da su duka, Baba. Har da akurkin."

Baba ya rufe ido. "Yau ma'aikatan ɗakin ajiyar ke taro, ƙarfe huɗu. Wancan makon ya gaya mini yana dariya, ban kuwa so dariyar ba. Tela, je ki zo mini da shi. Auta, kira ɗan sandan nan, mijin ƙawarki, ya zauna a shagon Tela. Kada ya shigo sai an kira shi."

Wai ni aka aika. Ni da ko kyankyaso na gani sai na hau tebur! Na fita da takalmi ɗaya nawa, ɗaya na Auta. Na sami Dogo inda ake jiran mota, zaune a kan dakali, jakar a cinyarsa, hannu biyu a kanta. Uku ta wuce.

"Dogo, Baba na kira."

"Ai kin ce gobe."

"Ka san bakin tela. Likita ya ce ba lallai ne ya kai goben ba."

Ya daɗe yana kallon titi. Mota ta zo ta tsaya, direba ya danna ham sau biyu, ta wuce. Sannan ya miƙe.

Mun tarar Baba ya sa an jera masa kayan aikinsa a kan faranti: aska, burushi, sabulu, ruwan ɗumi, tawul. Na zaci shi zai yi askin. Sai ya ɗaga hannuwansa suna karkarwa.

"Ɗana, ka ga waɗannan sun yi ritaya. Kwana shida ban yi aski ba, dubi fuskata kamar bushiya. Ba zan tafi haka ba. Kama."

"Ban iya ba, Baba."

"Shekara nawa kana kallona? Ajiye jakar. Aski hannu biyu yake so."

Dogo ya dubi jakar, ya dubi tsohon. Ya ajiye ta a gefen katifa. Baba ya mayar da kai baya, ya miƙa masa maƙogwaro. Mutumin da duk layi ke kauce wa, ga shi da aska tsirara a wuyan maƙwabcina.

Baba ya ce, "A hankali. Ƙasan haɓa bin gashi ake yi, ba a yi masa gardama." Askar ta yi ƙar, ƙar. "An zalunce ka, ɗana. Na sani. Tela ma ta sani."

Na ce, "Na sani. Kuma na yi dariya ranar nan. Ka yafe mini, Dogo."

Bai waiwayo ba, amma hannunsa ya tsaya.

Baba ya ce, "Nawa ɗan, ranar da aka harbe shi, ya buɗe kwanon abincinsa ke nan. Ko sunan wanda ya harbe shi bai sani ba. Shekara ashirin ba ɗaya, har yau in na ji an taɓa ƙofa sai in zaci shi ne."

Dogo ya fashe da kuka irin na manya, wanda ba sauti sai kafaɗu.

"Kai, kada ka zuba mini hawaye a sabulu. Ƙarasa gefen hagu."

Agogon bango ya buga huɗu yana goge masa fuska. Baba ya karɓi madubi, ya juya nan, ya juya can. "Wuri biyu ka yanke ni. Ba laifi. Ni a askina na farko wuri biyar na yanki mutum, kuma kawuna ne."

Dogo ya tura jakar da ƙafa. "Baba, a ɗauke mini ita daga gabana."

Auta ta leƙa ta kira ɗan sandan. Ya buɗe jakar ya ga bindiga, ya ɗauke ta, Dogo ya bi shi da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi. Suna bakin ƙofa Baba ya ɗaga murya iya ƙarfinsa: "Makullin shago yana wurin Tela. In ka dawo ka karɓa."

Ranar Asabar da hantsi Baba ya cika, fuskarsa fes, da 'yan yanka biyu a haɓa. Dogo bai samu jana'izar ba. Wata bakwai ke nan. Da farko yana tsare, yanzu yana asibiti, inda wata likita ke zama da shi su yi magana. Ni da Auta mukan je duba shi. Zuwan ƙarshe ya tambaye ni ko ana shafa wa askar mai.

Ina kewar tsohon nan, ba zan ɓoye ba. Ina kewar ƙarar almakashinsa ta bango, da tsokanar da yake yi mini wai ɗinkina sai an yi masa addu'a kafin a sa. Wani lokaci ina tsakiyar taka keke sai in ƙwanƙwasa bangon, kamar yadda na saba in shayi ya tafasa, sannan in tuna. Har yanzu ina ce wa masu ɗinki su dawo gobe, sana'a ce, amma sai sun zauna na tambaye su gida tukuna.

Duk Alhamis nakan buɗe shagonsa in share, in fito da benci waje. Jiya ma na buɗe. Na ɗumama ruwa, na jiƙa tawul, na rataya shi a bayan kujerar. Na koma kan kekena na bar ƙofar a buɗe, ina hango tururin yana tashi a hankali.