Abarbar Sama

Kwana arba'in ke nan da Rumasa'u ta rasu wajen haihuwa, amma mahaifiyarta, Goggo Dije, ta ƙi zuwa ganin jaririyar. Ba ta da aiki sai hidimar shukar da marigayiyar ta kawo daga Kalaba ta ɗaure a reshen mangwaron tsakar gida, mai ganye kamar kan abarba, wadda ba ta son ƙasa. Shukar ta yi jan fure sau ɗaya, ga shi yanzu sai bushewa take, duk da ruwan da Goggo ke kwarara wa saiwarta.

Ran nan bayan azahar zazzaɓi ya kwantar da ita a gindin bishiyar, idanunta suka yi nauyi. Sai ta ga mangwaron yana ta tsawo, tabarmarta na bin sa sama, har rufin gidajen Kafanchan ya koma kamar hatsin shanya.

Ganyen shukar ya buɗe ya zama kwari, da tafki a tsakiyarsa. Wani ɗan koren kwaɗo mai muryar dattijo ya tare ta.

"Baiwar Allah, me kika zo nema?"

"'Yata."

"Shiga. Amma ki ajiye butar."

Butar da ke hannunta ta yi tsaki ta ce, "Gara dai. Kullum tana juye ni inda ba a sha."

Goggo ta shiga. Ruwan ya kai mata ƙirji, da ɗumi, da gishiri-gishiri. A can ƙetare ga Rumasa'u tsaye, jan fure ya tsiro ta cikin ɗankwalinta yana zuba ɗaiɗai.

"Inna, kin rame."

"Ki taho mu koma gida. Shukarki na mutuwa, na yi iya yina."

"Ai sau ɗaya take fure, Inna, daga nan ta gama. Na faɗa miki ranar da na kawo ta, kina dama fura, ba ki ji ba."

Rumasa'u ta ɗan ɗaga bakin zanenta. Ga wata 'yar ƙaramar shuka ta tsiro manne da ƙafarta, tana numfashi.

"A tsakiyarta ake zuba ruwa, kaɗan-kaɗan. Kada a raba ta da reshe sai ta yi ƙwari."

Goggo ta kau da kai. "Ita ta cinye ki."

"Ni na ba ta, Inna."

Goggo ta kai hannu za ta riƙo ta, sai busasshen ganye ya marmashe a tafinta. Tafkin ya karkace, ruwan ya tafi da kome.

"Inna! Inna!"

Ta farka a firgice, gumi sharkaf. Sunusi ne, mijin marigayiyar, tsugune can gefe, rungume da jaririya cikin tawul.

"Ki yi haƙuri, Inna. Tun safe ta ƙi karɓar madara. Na rasa inda zan kai ta."

Goggo ta ƙura wa jaririyar ido. Can ta miƙa hannu biyu.

"Wane suna kuka sa mata?"

Sunusi ya sunkuyar da kai. "Na uwarta," ya ce. Faɗin sunan kuwa ya gagare shi.