Katin da Ba Fuska

"Mai tabo a gira," in ji uwar, tana gyara wa Auta ɗankwali a ƙofar ofishin 'yan sanda. "Kin ji ko? Shi za ki nuna."

Auta ta gyaɗa kai. Shekarunta bakwai, kuma ita ce ke wasa a ƙarƙashin teburin shagon taya ranar da aka maka wa babanta ƙarfe a ƙeya. Tun daga ranar bakinta ya mutu.

Uwar kuwa ta gama yanke hukuncinta tuntuni. Bakaniken nan mai tabo da ke maƙwabtaka da shagon ne, wanda suka sha cacar baki da marigayi kan wurin ajiye mota. Baffan Auta, ƙanin mijinta, shi ya ce ya gan shi yana fita a guje. Ko keken ɗinki ta taka, wuyan bakaniken nan take gani a ƙarƙashin allura. Yau har almakashinta ta jefa a jaka, ko Allah zai haɗa su a hanya.

Baffa ne ya kawo su a motarsa, kamar kullum. Ya riƙo hannun yarinyar zai shiga da ita, sai wata sufeto mai tabarau ta tare ƙofa.

"Ita kaɗai. Ku jira a benci."

"Ai in ba na kusa ba ta sakewa," in ji Baffa.

"Za ta sake."

Uwar ta kafe, sai da aka bar ta ta tsaya bayan wata 'yar taga, inda take ji take gani, ba a ganinta.

Sufeto ta zauna a ƙasa kusa da Auta, ta jera hotunan maza. Ga mai tabo nan a tsakiya. Sannan ta ƙara wani kati a gefe, zanen kai ne kawai ba fuska.

"Wataƙila yana ciki, wataƙila ba ya ciki. In ba ya nan, ki taɓa wannan. Ba mai yi miki faɗa."

Yatsan Auta ya tsaya kan hoton bakaniken. Uwar ta dafe gilashi. Nuna shi mana, 'yar nan! Sai yatsan ya zame, ya sauka kan katin da ba fuska. Uwar ta ji kamar ta fasa tagar ta shaƙe matar nan da katinta.

"Ba ya nan ke nan," in ji sufeto. "Yaya kamanninsa?"

Auta ta waiga ta dubi ƙofa, sannan ta buɗe baki.

"Yana kan benci. Ya ce in na faɗa, Mama ma za ta tafi wurin Baba."

Uwar ta tuna alawar da Baffa yake kawowa kullum, da yadda yake hana kowa keɓewa da yarinyar. Ita kuma tana zuba masa abinci a kwanon mijinta, har da godiya! Sufeto ta jawo waya tana magana ƙasa-ƙasa.

Uwar ta goge fuska ta fito. Baffa ya miƙe yana kaɗa makullin mota.

"Ta nuna shi?"

"Ta nuna shi." Ta yi masa murmushi. "Zauna, Baffa, sun ce mu ɗan jira. Kawo makullin in riƙe maka."

Ta zauna tsakaninsa da ƙofar fita, ta zura hannu a jaka ta damƙe almakashin. Daga can ciki ta fara jin takun takalman 'yan sanda, tana roƙon Allah ya sa ya yi yunƙurin gudu.